Koyon Zanen Launi a Makarantar Fasaha: Aikin Ɗakin Zane da Abin da Ya Haifar a Zariya

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya leƙa ɗakin da ake koyar da zane a wata babbar makaranta, a makonnin farko na shekarar karatu, da wuya ya ga abin da zai ba shi sha'awa. Tebur ne a tsakiyar ɗaki, an shimfiɗa masa farin ƙyalle, an ɗora tulu da kwalba da lemo biyu ko uku, ga ɗalibai sun kewaye shi, kowa da allonsa da guntun gawayi a hannu. Haka za su yi sa'a uku ko huɗu suna duban tulun nan, suna zanawa suna gogewa, gobe kuma su komo kansa. Mai kallo zai iya cewa ɓata lokaci ne, tun da yake yawancinsu sun iya zana tulu tun suna firamare.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana irin ayyukan da ake ba mai koyon zanen launi a ɗakin zane, da hikimar jera su yadda ake jera su. Za a kuma nuna cewa waɗannan ayyuka ba horon hannu kaɗai ba ne, suna ɗauke da wani hukunci game da abin da ya cancanci a kira shi zane mai kyau. Babu inda wannan hukunci ya fito fili a ƙasar nan kamar a Zariya, tsakanin 1955 da 1961, saboda haka daga can za a ɗauko misali.

Kafin a yi nisa, akwai matsalar suna. Kalmar "zane" a Hausa tana da faɗi ƙwarai: layin da aka ja a ƙasa zane ne, tsagar fuska zane ce, adon bango zane ne, har ma akan ce zanen suna. "Fenti" kuwa, da aka aro daga Turanci, tana kai hankalin Bahaushe ga mai shafe gida ko mota. "Hoto" ta riga ta zama ta na'ura, "zayyana" kuma ta fi zama a kan allon sauka da littattafan addini. Don haka a nan za a kira aikin fensir da gawayi da tawada "zanen layi", a kira aikin buroshi da launuka "zanen launi".

2.0 Asalin tsarin

Jerin darussan da ake bi a ɗakin zane a Turai ya samo asali. An kafa makarantar masu zane a birnin Fulorans na Italiya a 1563, aka kafa ta Faris a 1648, ta Landan kuma a 1768. A tsarin waɗannan makarantu ɗalibi yakan fara da kwafar zanen magabata, sa'an nan ya koma zana mutum-mutumin farar ƙasa da aka zubo daga sassaƙar Girkawa da Rumawa, sai bayan nan a yarda ya zana mutum mai rai. Launi shi ne na ƙarshe. A 1919 aka buɗe makarantar Bauhaus a Jamus, wadda ta zo da wani darasin share fage dabam, inda ake sa ɗalibi ya yi ta gwaji da layi da siffa da launi ba tare da kwaikwayon wani abu ba. Galibin makarantun fasaha na yau sun gauraya hanyoyin nan biyu.

A Nijeriya, Aina Onabolu ne ya fara tafiya Landan da Faris a 1920 ya koyo wannan hanya, ya dawo ya yi ta fafutukar a sa zane cikin darussan makarantun Legas. Amma koyar da zane a matakin da ya wuce sakandare bai kafu sosai ba sai da aka buɗe sashen fasaha a Kwalejin Nijeriya ta Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere. An fara sashen a reshen kwalejin na Ibadan a 1953, aka mayar da shi Zariya a 1955. Shi ne ya zama Sashen Zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa ta a 1962.

3.0 Ayyukan ɗakin zane

3.1 Horon ido

Aikin farko shi ne wanda aka ambata a sama, watau zana abubuwa marasa rai da aka girke a kan tebur. Abin da malami yake yaƙi da shi a nan ba rashin iyawa ba ne, sani ne. Ɗalibi ya san bakin tulu kewayayye ne, saboda haka sai ya zana da'ira, alhali daga inda yake zaune abin da idonsa yake gani siffa ce mai kama da ƙwai a kwance. Ya san ƙafafun tebur huɗu tsawonsu ɗaya, sai ya yi su daidai, alhali na nesa sun fi gajarta a ido. Umurnin da yake ji kullum shi ne ya zana abin da yake gani, ya bar abin da ya sani.

Don a taimake shi akan koya masa awo. Zai miƙa hannunsa sosai riƙe da fensir, ya runtse ido ɗaya, ya daidaita kan fensirin da bakin tulu, ya ja babban yatsa zuwa inda gindin ya tsaya. Wannan shi ne ma'auninsa. Da shi zai gwada faɗin tulun, da tsawon kwalbar, da tazarar da ke tsakaninsu. In ya lanƙwasa gwiwar hannu, ko ya gusa daga mazauninsa, awon ya ɓaci, sai an sake. Akwai kuma darasin da ake hana shi zana kayan baki ɗaya, a ce ya zana siffar filin da ke tsakaninsu kawai. Dabarar ita ce, filin nan ba shi da suna, saboda haka ƙwaƙwalwa ba ta da wata ajiyayyar siffa da za ta miƙo wa hannu, dole ido ya yi aikinsa.

Daga nan sai ƙa'idar nisa da kusa, wadda Brunelleschi ya gwada a Fulorans, Alberti kuma ya rubuta a 1435: layukan da suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, kamar na hanyar jirgin ƙasa, suna haɗuwa a ɗigo guda a daidai tsayin idon mai kallo. Ya kamata a lura da abin da ƙa'idar ta ɗauka tun farko, watau mutum ɗaya, tsaye wuri ɗaya, yana kallo da ido ɗaya, a lokaci ɗaya.

3.2 Haske da inuwa, sa'an nan launi

Kafin a ba ɗalibi launuka akan sa shi ya jera matakan haske daga fari fat zuwa baƙi ƙirin, kamar tara ko goma, kowane mataki ya bambanta da na kusa da shi daidai gwargwado. Sa'an nan ya zana tulun nan da fari da baƙi kaɗai. Dalili kuwa, abin da ke sa tulu ya fito kamar za a iya ɗaukarsa daga kan allo shi ne daidaituwar haske da inuwa, ba jan da aka shafa masa ba. Ɗalibin da ya tsallake wannan mataki yakan cika allonsa da launuka masu ƙyalli, amma komai ya kwanta shafal.

Idan aka zo ga launi, akan taƙaita masa: ja da rawaya da shuɗi, sai fari. Daga cikinsu zai haɗo sauran. A nan zai gano cewa kowane launi yana da abokin hamayya: ja da kore, shuɗi da ruwan goro, rawaya da shunayya. In aka jera abokan hamayya gefe da gefe sai kowannensu ya ƙara ƙarfi, in aka gauraya su sai su kashe juna su koma ruwan toka ko ruwan ƙasa. Da haka ake dusashe launi, da haka kuma ake yin inuwa, ba da zuba baƙi ba kamar yadda sabon shiga yake zato. Wani abin lura ga masu nazarin harshe shi ne, Hausa tana sa wa launuka da yawa suna ne ta hanyar kamantawa, kamar ruwan toka, ruwan goro, ruwan hoda, ruwan ƙwai. Sunayen da ke jikin kwanson fentin Turawa ma da yawansu haka suke, wasu sunan garin da ake haƙo ƙasar ne, kamar jar ƙasar Siyena ta Italiya.

Kowane irin fenti kuma da halinsa. Fentin ruwa garin launi ne da aka kwaɓa da ƙaro, irin ƙaron daƙwara da ake fitarwa daga Sudan da Cadi da arewacin Nijeriya, watau dai ɗan'uwan tawadar allo ne. Ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa, don haka daga haske ake farawa a gangaro zuwa duhu, farin takarda shi ne farinsa, kuskure kuwa ba ya ɓoyuwa. Fentin mai garin launi ne da aka niƙa da man 'ya'yan tsiron da ake saƙa yadin lilin da zarensa. Shi ba bushewa yake yi irin ta ruwa ba, iska ce take shiga man a hankali har ya daskare, abin da yakan ɗauki kwanaki kafin a iya taɓawa, watanni kafin ya ƙanƙame. Daga nan ne babbar dokarsa ta fito: kowane shafi da za a ɗora ya fi na ƙarƙashinsa yawan mai. In aka juya, na sama zai riga na ƙasa daskarewa, zanen ya tsattsage bayan 'yan shekaru. Ɗalibi kuma shi zai haɗa katakon, ya ɗame ƙyallen a kai, ya shafe shi da share fage don kada man ya ci zaren. Wannan ɓangare sana'a ce tsantsa, ba ta da bambanci da ta marini ko baduku.

3.3 Zanen mutum, da fita waje

Darasin da makarantun Turai suka fi girmamawa shi ne zana mutum mai rai. Akan tsayar da mutum a tsakiyar ɗaki, a fara da tsayuwar minti ɗaya ko biyu don a kama motsin jiki, sa'an nan a yi doguwa wadda akan koma mata kwana da kwanaki, ana sa alli a ƙasa a daidai sawunsa. A Turai sau da yawa tsirara ake tsayar da shi, abin da al'adar ƙasar Hausa ba za ta ɗauka ba ko kusa. A nan ne ake koya wa ɗalibi cewa tsawon baligi ya kai misalin tsawon kansa sau bakwai da rabi. Za a komo kan wannan awo nan gaba.

Akwai kuma fita waje, a zana kasuwa ko gona ko dutse. Littattafan Turai suna cewa abin da ke nesa yakan yi shuɗi-shuɗi. Ɗalibin da ya tsaya a Samaru cikin watan Janairu yana hangen duwatsun Kufena ta cikin hazon hunturu ba shuɗi zai gani ba, fari-fari zai gani mai ruwan ƙasa, ga kuma ƙura tana manne wa ɗanyen fentinsa. A irin wannan wuri umurnin nan na zana abin da ido ya gani yakan ci karo da littafin da ya zo da shi.

Ƙarshen kowane aiki shi ne zaman sharhi. Akan jingina zanen kowa a bango, malami da ɗalibai su bi su ɗaya bayan ɗaya, mai zane ya faɗi abin da ya nufa, saura su faɗi abin da suka gani. Ga wanda ya tashi cikin tarbiyyar kunya da kara, wannan zama ya fi riƙe buroshi wuya, don kuwa ana bukatar ya kushe aikin abokinsa a gaban jama'a, ya kuma kare nasa a gaban malami.

4.0 Zariya, 1955 zuwa 1961

Malaman da suka riƙe sashen na Zariya a shekarunsa na farko galibinsu Ingilishi ne, tsarin karatun kuma na makarantun Landan ne. Cikinsu akwai Patrick George, malami a Makarantar Slade, wanda ya yi ɗan zama a Zariya a ƙarshen shekarun 1950. Shi mabiyin William Coldstream ne, wanda ya shahara da tsananta awon da aka bayyana a sama, har akan ga 'yan ɗigogin awo a jikin zanensa bayan ya gama. Akwai kuma 'yar ƙasa, Clara Etso Ugbodaga-Ngu, haifaffiyar Kano, wadda ta yi karatu a Landan ta koyar a Zariya daga 1955 zuwa 1964.

A 1958 wasu ɗalibai suka kafa Ƙungiyar Fasaha ta Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo, da Simon Okeke, da Oseloka Osadebe. Kukansu shi ne, ƙasa tana gab da samun mulkin kai, amma manhajar da ake koyar da su ba ta ba fasahar gida wani gurbi na a zo a gani ba. A nan awon kai bakwai da rabi ya zama abin magana. A sassaƙar Yarabawa kai yakan kai kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na tsawon jiki, ba don masassaƙin bai iya awo ba, sai don a tunaninsu kai shi ne mazaunin rabon mutum. Ma'aunin ɗakin zane kuwa kuskure zai kira wannan, ya rage maki. Ke nan aikin aji, ba tare da ya furta ba, ya yanke wa fasahar kakannin ɗalibi hukunci.

Amsar da Uche Okeke ya bayar a 1960 ita ce abin da za a iya fassarawa da "haɗin ɗabi'a": mai zane ya riƙe kayan aiki da dabarun da ya koya a makaranta, ya koma ya yi nazarin fasahar al'ummarsa, ya bar biyun su gauraya cikin aikinsa ba tare da tilas ba. Daga baya aka laƙaba musu sunan 'yan tawayen Zariya, sunan da ya ɗan wuce gona da iri. Ba su ƙaurace wa aji ba. Sun yi awon, sun zana tulun, sun ci jarrabawa, ƙungiyar kuma ta watse a 1961, shekarar da jigoginta suka gama. Abin da suka yi shi ne suka ba kansu wani aikin aji na biyu, wanda malami bai sa su ba: tattara tatsuniyoyi, da nazarin zane da sassaƙar garuruwansu lokacin hutu, da tattauna abin da kowa ya samo. Okeke, wanda ya girma a Kafanchan, ya koma ga uli, zanen da matan Ibo suke yi a jiki da bango, wanda daga baya ya zama ginshiƙin koyarwarsa a Jami'ar Nsukka bayan yaƙin basasa. Nwoko ya waiwayi mutum-mutumin yumɓu na Nok. Onobrakpeya ya ɗebo daga tatsuniyoyin Urhobo, Grillo kuma daga sassaƙa da rayuwar Yarabawan Legas.

Ba kowa ne ya bi su ba. Jimo Akolo, abokin karatunsu daga Egbe, bai ga dalilin da zai sa a gindaya wa mai zane wata aƙida ba, ya yi zamansa a gefe. Abin mamaki, shi ne ya fi yawancinsu duban abin da ke kewaye da makarantar, don ya zana makaɗa da mahayan Arewa, ya kuma yi amfani da siffofin adon ginin Hausa.

5.0 Ɓangaren Hausa

A cikin fitattun 'yan ƙungiyar nan babu Bahaushe, duk da cewa a ƙasar Zazzau aka kafa ta. Ƙarancin 'yan boko a Arewa a wancan lokaci dalili ne. Wani dalilin shi ne matsayin surar mai rai a Musulunci, inda hadisai suka yi kashedi, malamai kuma suka yi saɓani a kan iyakar hanin. Manhajar da ta ɗora zana mutum a ƙololuwa ba za ta yi saurin jan ɗan gidan malamai ba.

Amma 'yan mil kaɗan daga ɗakin zanen akwai wata makarantar. A cikin birnin Zariya ga masallacin Juma'a da Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, da adon da aka fitar a jikin ginshiƙansa da bakunansa. Ga fuskokin zaure masu dagi, ga aska takwas a ƙirjin riga, ga zayyanar allo, ga sassaƙar ƙwarya. Wannan makaranta ma tana da jerin ayyukanta. Yaron magini yakan daɗe yana kwaɓa ƙasa da miƙa tubali kafin a bar shi ya taɓa ado, kamar yadda almajiri yake fara da wanke allo da dafa tawada da fiƙe alƙalami. Ta fuskar haƙuri da bin mataki, tsarin biyu sun yi kama. Inda suka rabu shi ne manufa. Maɗinkin riga ana so siffar dagi ta zauna masa a ka da hannu har ya iya fitar da ita ba tare da ya dubi komai ba, watau yana zana abin da ya sani ne. Ba ya kuma neman zurfi ko inuwa, shimfiɗar fili da daidaiton ɓangarori su ne abin yabo a wurinsa. Abin da ɗakin zane yake cirewa daga ɗalibi a shekarar farko shi ne ainihin abin da gwani yake dasawa a yaronsa.

Ugbodaga-Ngu tana cikin waɗanda suka fara gwada shigar da siffofin adon Arewa cikin zanen mai. David Heathcote, wanda ya koyar da tarihin fasaha a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1967 zuwa 1979, ya yi dogon bincike a kan ɗinkin ado na Hausa, ya kuma shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976. Da irin wannan aiki adon gida ya sami shiga manhaja, har ya zama abin da akan ba ɗalibi a matsayin aikin aji. Sai dai a nan ma akwai tarko. Abu ne mai sauƙi ɗalibi ya gama zanensa bisa ƙa'idar Alberti tsaf, sa'an nan ya manna dagi a kusurwa don a ce aikin na gida ne. Wannan liƙi ne, ba shi ne haɗin da Okeke ya nufa ba. Mai son ya amfana da zayyana sai ya zauna ya koyi yadda mai zayyana yake raba fili, da inda yake fara layi da inda yake rufe shi, kamar dai yadda ya zauna ya koyi awon tulu.

Daga cikin waɗanda sashen ya yaye daga baya akwai Kolade Oshinowo da Jerry Buhari, da kuma Gani Odutokun, haifaffen Gana, wanda ya gama a 1975 ya zauna yana koyarwa a nan. Odutokun gwani ne a zanen layi na gawayi da fensir, amma abin da aka fi saninsa da shi shi ne tsinka fentin mai har ya zama kamar ruwa, ya kwarara shi a kan ƙyalle ya bar shi ya bi hanyarsa, sa'an nan ya fitar da siffofi daga abin da ya kwanta. Ɗalibansa da dama sun ɗauki wannan hanya. Ya rasu a haɗarin mota a 1995, yana da shekara 48.